Dalmar da Alƙasim Ya Yanke

A Buza, idan kamfanin wuta ya ce zai kawo wa jama'a ci gaba, masu hankali sukan fara neman inda suka ajiye fitila. Mushe Isufu, wato Malam Isufu a Faransancin Buza, yana cikin masu hankali, ko kuma haka aka ɗauke shi. Ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi a lekwal, makarantar boko, kafin ya ajiye alli, kuma shekara goma sha tara ke nan mabuɗin bankin hatsi na unguwarsu yana aljihunsa, ɗaure da zare a jikin maɓallin riga. A magazar bankin ake tara gero da dawa bayan girbi, a sayar wa mutane da sauƙi idan rumbuna sun yi sauƙi su ma. An ba shi mabuɗin ne don ba a taɓa samun tiya guda ta ɓace a hannunsa ba. Ba shi da mota, ba shi da gona a kwari. Mabuɗin nan shi ne abin da yake da shi.

Ran wata Talata, tsakiyar bazara, samari biyu suka zo daga Tawa da sabuwar kontar, wato mitar wuta, a kwali. Fara ce sol, da gilashi mai nuna lambobi da maɓallai irin na salula. Babban cikinsu ya yi bayani cewa daga yau sai an biya za a sha wuta, kuma wannan kontar da kanta take magana da Tawa, ba ta bukatar kowa ya zo ya karanta ta.

"To, in tana magana da Tawa, ku ce ta gaishe su," in ji Mushe Isufu.

Ba su yi dariya ba. Ƙaramin ya riga ya sa hannu ga tsohuwar kontar a bangon zaure, ya tsaya. Ya ɗaga wata 'yar waya mai reto, ya ɗauke ta hoto, sannan ya juyo.

"Baba, ina dalma?"

Dalma ita ce ɗan ƙullin da kamfani ke matsewa a bakin kontar don kada wani ya buɗe ta ya yi mata dabara. Mushe Isufu ya san inda ta tafi, don a gabansa aka yanke ta. Shekara bakwai da suka wuce, ruwan Agusta ya kayar da bangon zauren, kontar ta rataye a wayoyinta kamar akuyar da aka feɗe. Ya aika aka kira Alƙasim, wanda a lokacin shi ne mai hawa falwaya na kamfanin. Alƙasim ya yanke dalmar, ya kwance kontar, ya kafa ta a sabon bango, ya ce ran Litinin zai zo da sabuwar dalma. Mushe Isufu ya ce a ba shi 'yar takarda.

"Takarda tsakanina da bawana?" in ji Alƙasim a ranar. "Ko saida ka zan yi, ba ni bukatar takarda."

Suka yi dariya. Cima, matar Mushe Isufu, ta kawo fura. Litinin ta zo ta wuce sau ɗari uku da sittin da wani abu, dalma ba ta zo ba.

Mahaifiyar Isufu da mahaifin Alƙasim ciki ɗaya suka fito. Ɗan mace da ɗan namiji ke nan, taubasai, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai: zagi halal, fushi haram. Alƙasim yana kiransa bawa tun suna zama benci ɗaya a lekwal. Shi kuwa Isufu, tun ranar da Alƙasim ya sa rigar kamfani, ya raɗa masa suna ɓarawon wuta. Ya kira shi haka a kasuwa, a gidan suna, a tasha, har a zaman makoki idan an ɗan sarara. Duk Buza ta san sunan. Yanzu Alƙasim ya daina hawa falwaya, ya zama shef, shugaban biro, wato ofishin kamfanin a garin, amma sunan bai sauka ba.

Saboda haka Mushe Isufu bai damu ba. Ya ce wa samarin su tambayi shef ɗinsu. Suka miƙo masa takarda ya sa hannu, ya ɗauka ta karɓar sabuwar kontar ce. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana murɗe kunnen yara don ba su karanta tambaya kafin su amsa ba, ya sa hannu bai karanta ba.

Bayan kwana goma aka kawo masa ambulop. Tara ce, jika ɗari da tamanin da bakwai, bisa laifin karya dalma da nufin satar wuta. Kuɗin sun yi yawa, amma ba su ne suka hana shi cin tuwo ba. A ƙofar biro an manna jerin sunayen waɗanda aka kama, da manyan baƙaƙe, inda duk mai zuwa kasuwa zai gani. Sunansa ne na huɗu, tsakanin mai walda da mai injin niƙa. A ƙasan takardar akwai sa hannu mai doguwar jela, wanda ya sani tun ana koyon rubutu.

Kafin la'asar Kalla, shugaban komiten bankin hatsi, ya yi sallama. Ya daɗe yana tambayar zafi, da gida, da ciwon gwiwa.

"Mu dai ba mu yarda ba, mushe. Ko kaɗan," ya ce daga baya. "Sai dai ka san mutane. Kuma masu ba mu tallahi suna karatu. In ruwa ya sauka anka yi shibka, za mu zauna kahin a buɗe magaza. In an cire sunanka kahin nan, ba wata magana."

"In ba a cire ba hwa?"

"Za a cire, in Allah ya so," in ji Kalla, yana kallon maɓallin da zaren yake ɗaure.

Washegari Mushe Isufu ya sa babbar riga ya tafi biro. Ya tarar da Alƙasim a bayan tebur, fanka tana kaɗa masa takardu.

"Wa ya bar bayi suna shigowa ta ƙohwar gaba?" in ji Alƙasim.

"Ɓarawon wuta, sa hannunka na gani ƙarƙashin sunana."

"Nawa na. Ƙarƙashin sunan mutum arba'in na sa shi, ban karanta ko ɗaya ba. Daga Tawa anka bugo. Kai ma na ji ka sa naka ba ka karanta ba, ashe abin na dangi na." Ya tura masa kujera da ƙafa. "Rubuto takardar ƙorahi. Kontrola, mai bincike daga Tawa, shina zuwa ran Alhamis ta sama, a nan za a saurari kowa."

"Za ka hwaɗa mishi?"

"Ka taɓa ganin na bar dukiyata ta lalace? Tahi gida, bawa."

Mushe Isufu ya ɗauki wannan a matsayin i. Ya yi kwana biyu yana rubuta takardar, shafi uku da Faransancin da ko a Yamai sai an nemi ƙamus. Ya ba da ranar da bango ya faɗi, da sunan maginin da ya tayar da shi. Da ya zo kan wanda ya yanke dalmar sai ya rubuta "wani ma'aikacin kamfaninku". Ba a sa sunan ɗan kawu a takardar hukuma. A bar mutum ya faɗa da bakinsa, ya fita da girmansa.

Ran Alhamis aka jera benci a ɗakin jira na biro, aka bar ƙofa a buɗe saboda zafi, 'yan kallo suka cika taga. Kontrolan saurayi ne mai suna Abdulaziz, mai tsabta da ladabi, irin yaran da Mushe Isufu kan zaunar a bencin gaba. Alƙasim yana zaune a damarsa. Mai walda ya amsa laifinsa ya roƙi rangwame. Wata tsohuwa ta ce ita ba ta san ma akwai abin da ake cewa dalma ba, jikokinta ne suka sani. Sannan aka kira lamba huɗu.

Abdulaziz ya karanta shafukan uku duka, har ya ɗaga gira a wani wuri don jin daɗin nahawu.

"Baba, kun rubuta wai wani ma'aikacinmu yay yanke ta. Wane ma'aikaci?"

Mushe Isufu ya dubi Alƙasim. Alƙasim yana duban mabuɗin moto, wato babur ɗinsa, yana juya shi kamar yau ya fara ganinsa. Mushe Isufu ya ba shi lokaci. Ya ƙirga har goma a zuciyarsa, sannan ya ƙara masa biyar, don zumunci.

"Ga shi nan zaune kusa gare ka," ya ce. "Alƙasim. Shi yay yanke ta, gabana."

Daga taga wani ya yi ƙwal da dariya, ya toshe baki. A wannan ɗan lokacin Mushe Isufu ya ga abin da zai daɗe yana gani. Alƙasim ya ɗago kai, ya ji dariyar nan ta taga, ya auna ta kamar mai sayen rago, ya ga za ta ɗauke shi.

Ya tafa hannu.

"Kun ji ko? Na hwaɗa muku ba shi zuwa wuri shi bar ni lahiya." Ya juya ga kontrola. "Mushe kontrola, ɗan mace na. Bawana. Shekara talatin shina ce mini ɓarawon wuta, yau ya samu hukuma zaune ya kawo ƙara. Tambayi kowa. Bara ya ce ni na sace mishi gashin kai."

Benci suka ɗauka. Mai walda, wanda aka yanke wa jika ɗari uku minti goma da suka wuce, ya yi dariya har da share hawaye. Abdulaziz ya saki fuska.

"A, taubasai na? Ni ma ina da irinsu a Madawa, ba su bari in sha ruwa." Ya gyara zama. "To Baba, an yi wasa, an ji daɗi. Yanzu ku ba ni sunan gaskiya."

"Ba wasa nike ba."

Wannan ita ce maganar da duk gwanin taubashi yake yi, da irin wannan fuska, kuma duk Buza ta san Mushe Isufu gwani ne. Dariya ta ƙaru. Wani daga waje ya ce, "Kai, mushe bai da dama."

"A kawo Alƙur'ani shi dahwa," in ji Mushe Isufu.

Dariyar ta ɗan lafa. Amma Abdulaziz yaron kirki ne, ba ya son ganin dattijo ya wuce gona da iri a wasa.

"Baba, kamfani bai san rantsuwa ba, takarda ya sani. In ma'aikaci ya taɓa kontar, akwai takardar aiki. Kuna da ita?"

"Babu."

"Shaida hwa?"

"Matata."

Abdulaziz ya yi murmushin da ake yi wa wannan amsar. Ya rubuta layi biyu, ya buga hatimi. Sannan, don ya ga mutumin malami ne, ya yi masa alheri. Ba sai ya biya gaba ɗaya ba. Duk lokacin da ya sayi wuta, kontar da kanta za ta cire rabi ta zuba a tarar, har ta ƙare. Ya faɗi haka kamar mai ba da goron sallah.

Da Mushe Isufu zai fita, Alƙasim ya ɗaga murya ta bayansa. "Ka gaida Cima, bawa. Ka ce mata ta riƙa ɓoye almakashi." Aka sake yin dariya, amma wannan karon ba ta kai taga ba.

Cima ta saurari labarin tana ƙulla zoɓo a leda. Sana'arta ke nan, zoɓo da ƙanƙara, daga firigon da ke tsakar gida.

"Ni na kawo mishi hura ran nan," ta ce. "Ya sha, ya ce a ƙaro. A sabuwar ƙwarya ma."

"Kamfani bai san hura ba."

"To mi za ka yi?"

Abin da ya yi shi ne bai yi kome ba, kuma ya yi shi da ƙarfi. Wutar da aka zuba wa kontar ranar da aka kafa ta ta yi ta raguwa a gilashi. Da ta kusa ƙarewa kontar ta fara kuka, ƙit, ƙit, kamar ɗan tsakon da ya ɓata. Ran Asabar da hantsi firigo ya yi ajiyar zuciya ya yi shiru. Mushe Isufu ya ce ba za a sayi ko ta dala ba. Duk wutar da ya saya, rabinta amsa laifi ce, kuma kontar za ta kai wa Tawa labari tun bai koma ɗaki ba.

"Mutunci ba shi daskarar da ruwa, Malam," in ji Cima. Ta kwashe ledojinta ta kai gidan maƙwabta, inda aka ba ta hayar rabin firigo da kuma tausayi kyauta, wanda ya fi hayar tsada.

Ya sake rubuta takarda, wannan karon zuwa ga darakta a Tawa, kuma ya sa sunan Alƙasim cikakke, har da na uba, wato kawunsa. Ya ba direban da ya taɓa koyarwa ya kai. Takardar ta hau duwatsun Adar ta sauka, ta kwana sati uku a Tawa, sannan aka maido ta Buza, teburin shef, don ya ba da ra'ayinsa. Haka tsarin yake. Mushe Isufu bai ga ra'ayin ba, amma ya ga amsar: an duba, an tabbatar.

Ruwa ya sauka. Aka yi shuka a kan tudu da cikin kwari, gero ya fito kamar gashin jariri. Komite ya zauna a gindin bedi, wato darbejiyar da ke gaban magaza. Ba wanda ya ambaci takardar ƙofar biro, wadda rana ta riga ta cinye rabin sunayenta amma ta bar na huɗu. Kalla ya yi dogon jawabi a kan shekara goma sha tara, da gwiwa, da yadda ya kamata dattijo ya huta. Wani ya ce kowa ya ji daɗin wasan da suka yi da shef a gaban baƙo, an nuna wa mutanen Tawa cewa Buza ba ta yar da al'ada ba.

Mushe Isufu ya ce ba zai ba da mabuɗi ba sai an ƙirga buhuna. Suka ce haba, ba sai an yi ba, wa yake zarginsa? Ya ce a ƙirga. Aka shiga cikin zafin magaza aka ƙirga, aka samu kome cif, kuma wannan ya fi ɓata musu rai fiye da a ce an samu giɓi. Ya kwance zaren daga maɓalli. Ƙullin ya daɗe, sai da ya sa haƙori. Aka ba Rabi'u mai shago mabuɗin, ya jefa shi aljihu tare da canjinsa.

Watan cika-ciki ya kama. A danginsu, ranar goma ga wata ɗan mace yakan ɗauki tsintsiya ya je ƙofar ɗan namiji ya yi shara, a zage shi, a biya shi. Mushe Isufu bai taɓa fashi ba tun yana da shekara bakwai. Har lokacin da yake daraktan lekwal yakan je da hularsa da tabarau, ya ja tsintsiya sau biyu a ƙofar Alƙasim, ya ce gidan ɓarawo ba ya sharuwa, Alƙasim ya jefa masa dala ashirin ya ce ya sayi 'yanci. Kowace shekara Cima takan sayi sabuwar tsintsiya don wannan. Bana ma ta saya, don hannu ya saba. Tana jingine a bayan ƙofa.

Bai je ba. Bayan la'asar ya ji ƙarar moto ta tsaya a waje, ya gane ta. Ya naɗe tsohuwar tabarmar da yake kai, ya shimfiɗa dardumar baƙi. Ya leƙa cikin gida ya ce wa Cima ta kawo ruwa a kofin gilashi, bisa faranti.

"Ina bawan gidanga?" Alƙasim ya shigo da muryarsa a gaba. "Tun sahe ƙohwata ta cika da kashin awaki. Ko an 'yanta ka ban sani ba?"

Mushe Isufu ya miƙe tsaye. "Marhaba da mushe shef. Ku shigo. Bisimilla, ga wuri."

Alƙasim ya yi dariya, ya dubi dardumar, ya zauna a gefenta. Ya ce zauren ya yi duhu kamar cikin rumbu, ko bawa ya fara tsoron haske ne. Mushe Isufu ya tambaye shi lafiyar iyali, da aiki, da gajiya. Alƙasim ya ce gemun Isufu ya yi kama da na bunsurun Babankatami. Mushe Isufu ya ce Allah ya sa an yi shuka lafiya. Cima ta kawo ruwan, ta durƙusa ta ajiye, ta fita ba ta ce masa ko mijin wasa ba. Ruwan da ɗumi.

Alƙasim ya zaro ambulop daga aljihu ya ajiye a kan darduma. Mai kauri ce.

"Kuɗin shara."

Mushe Isufu ya dube ta. Bai bukaci buɗewa ba, malamin lissafi ne. "Bana ba a yi shara ba."

"Ba a maida kuɗin shara, ka sani."

"Ba a biyan aikin da ba a yi ba. Wannan ma na sani."

Alƙasim ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ba tare da ita ba ya yi kama da kawu, marigayi, har Mushe Isufu ya kau da kai.

"Isuhu. Wata takwas ya rage mini in aje aiki. Yanke dalma ba takarda, kora ta, ba ko sisi. Ɗiya tara gare ni, huɗu suna lekwal."

"Na san su. Ni na yi wa uku huɗuba."

"To mi kake so in yi?"

"Da ka zo zaurenga kahin Alhamis ɗin nan ka hwaɗa mini haka, da na ɗauka." Mushe Isufu ya yi maganar a hankali, kamar yana bitar darasi. "Da na tashi gaban yaron nan na ce ni nay yanke ta, da almakashin Cima. An ɗauki abin da ya hi haka don ɗan kawu. Da mabuɗi ya tahi, amma da na san abin da na saya da shi. Sai kac ce in tahi gida. Ka bari na hwaɗi gaskiya gaban mutane, kas sa sunka yi mata dariya."

"Ban shirya ba. Wallahi ban shirya ba. Na ji an yi dariya, sai bakina ya bi."

"Na gani."

Kontar tana bango a saman kansu, gilashinta ba kome sai sifili.

"Hwaɗi abin da zan yi," in ji Alƙasim.

"Layi biyu. Ni Alƙasim na yanke dalmar kontar Isuhu shekara kaza. Sai sa hannun nan naka mai jela. Ba sai an kai Tawa ba. A kai wa Kalla."

Alƙasim ya daɗe yana murza bakin hular. A waje wata mata tana kiran awakinta.

"Kalla bai da ciki," ya ce. "Kahin magariba ta kai Tawa. Bari wata takwas ɗin su cika. Ranar da na karɓi takardata, wallahi in rubuta maka shahi goma."

"Ran Litinin ke nan, kamar dalma," in ji Mushe Isufu.

Alƙasim ya matso, ya kama gaban rigar Mushe Isufu, daidai maɓallin da zare ya bar wa shaida.

"To zage ni. Ka ce mini ɓarawon wuta. Hwaɗi mana, ga ni zaune."

"Wane ni, mushe shef. Allah shi ƙara girma."

Ya ɗauki ambulop ɗin da hannu biyu, ya raka baƙonsa har bakin moto kamar yadda ake raka manya, ya miƙa masa a gaban masu wucewa, inda ba a ja-in-ja. Alƙasim ya karɓa. Sai da ya buga moton sau uku kafin ya tashi. Wani tsoho da ke zaune a dakalin maƙwabta ya jira ya ji abin dariyar da za a rabu da shi, bai ji ba, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Mushe Isufu ya koma zaure ya naɗe darduma. Cima tana tsaye a ƙofar ciki. Ya laluba aljihun da mabuɗi yake zama, ya fito da jika guda.

"Aika a sawo wuta. Rabi namu, rabi nasu."

"Ka ce amsa laihi na."

"An riga an amsa mini. Mi ya rage da za ki yi ta biyan hayar hirigo?"

Ta tafi da kanta, ta dawo da 'yar takarda mai lambobi ashirin. Ya sa tabarau ya danna su ɗaya bayan ɗaya, bai yi kuskure ba. Kontar ta yi ƙara sau biyu, ta sanar da Tawa cewa lamba huɗu ya fara biya. A tsakar gida firigo ya yi tari ya kama.

Cima ta ɗauko sabuwar tsintsiyar daga bayan ƙofa, tana juya ta.

"Wagga hwa?"

"Share zaure da ita," in ji shi. "Baƙo ya shigo da ƙasa."